Tsinken da Barkono Ya Manne a Kan Kore

Na rantse muku, in na gama labarin nan sai wani ya ce ƙirƙirarsa na yi. Ni kaina a fagen tsokana ba na tsoron kowa, amma wannan mutumin ya wuce da sanina.

Akwai wani ma'aikaci a kamfanin katifa da ake kira Barkono. A sito yake aiki. Makaranta tun a tsakiya ya yi mata sallama, yana cewa malaman ne ba su kai shi wayo ba. Yayansa, mai walda a kamfanin, shi ya tsaya masa har aka ɗauke shi.

Kamfanin na neman takardar shaidar inganci, domin manyan masu saye sun ce ba za su ƙara karɓar katifa ba sai da ita. Madam, jami'ar kula da inganci, ta tara ma'aikata ta ce:

"Kada ku zaci kyan katifa kaɗai za a duba. Tsarin ya ce duk abin da doka da hukumomi suka wajabta mana sai mun cika shi. Soso muke sarrafawa, kun san yadda yake da wuta. Kowace tukunyar kashe gobara dole ta zama a cike. Wadda aka taɓa, ko sau ɗaya ne, a kawo min a kai ta a sake cikawa."

Ta ɗora wa Barkono aikin zagaya tukwanen. Ya buga ƙirji ya ce, "Madam, ki sa a ranki wuta ta yi hijira daga kamfanin nan."

Ba a jima ba ya gano cewa in aka matsa tukunyar sau ɗaya, hodar da take fesowa tana mayar da mutum fari fat. Direban kamfanin ya fara yi wa, yana barcin rana a ƙarƙashin mota. Direba ya zabura ya buga kai da ƙarfe, ya fito kamar an tsoma shi a buhun fulawa. Masu lodi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Daga nan sai maigadi, sai mai yankan soso. Kowane mako da wanda za a yi wa wanka.

Abin da Barkono ya lura da shi, tukunyar da aka matsa sau ɗaya iskarta sulalewa take yi a hankali. Hodar tana nan, nauyin yana nan, amma tsinken ɗan agogon da ke wuyanta sai ya sauka daga kore zuwa ja.

Kai wa Madam yana nufin bayani. Sai ya ɓalle gilashin agogon, ya tura tsinken kan kore, ya ɗiga masa gam, ya mayar da gilashin. Ya samo siririn zaren roba ya ɗaure fil ɗin da ke kulle hannun tukunyar kamar sabo. Haka ya bi su duka. Ta ofishin manaja kaɗai ta tsira, don can ba wurin wasa ba ne.

Ranar da mai bincike ya zo, ya duba agogo ya ga kore, ya ɗaga tukunya ya ji nauyi, ya wuce. Da yamma Barkono ya ce wa yayansa, "Yaya, ka ga mai binciken nan da tarin digirinsa? A aljihuna na sa shi."

"Me ka yi kuma?"

"Ni? Aikina kawai."

Yayan ya kalle shi ya ce, "Ƙanina, ni na sa fuskata aka ɗauke ka. Ka kiyaye ta."

Wata rana da azahar yayan yana gyaran ƙarfen injin yanka. Tartsatsi ya tsallake katangar kwanon da ya kafa, ya faɗa kan tarin guntayen soso. Kafin a ce me, wuta ta tashi sama da tsayin mutum, a daidai bakin ɗakin da mata suke ɗinka rigunan katifa. Ɗakin ƙofa ɗaya gare shi.

Yayan ya wurgar da abin walda ya fizgo tukunya daga bango. Ya zare fil, ya matsa. Ta yi wani ɗan huci ta yi shiru. Ya jefar ya ruga ya ɗauko ta biyu. Ita ko hucin ba ta yi ba.

Baƙin hayaƙi ya cika wurin. Matan suna dukan taga suna kiran sunan Allah.

Barkono yana tsaye a ƙofar sito. Ya san ta ukun da direba ya ɗauko ma ba za ta yi ba. Ya san inda mai aiki take. Amma faɗin haka tona kai ne, sai ya tsaya yana fatan wata za ta yi abin mamaki.

Yayan bai jira ba. Ya sa hannu biyu ya rungumi soson da ke ci, ya ja shi daga bakin ƙofa. Soso in ya narke liƙewa yake yi. Ya manne masa a hannu yana ci tare da fata. Ya koma ya sake jan wani. Matan suka fito a guje suna tari, ɗaya gyalenta na ci da wuta.

Ihun yayansa ne ya kwance wa Barkono ƙafa. Ya ce, "Ku bar waɗannan, duk ba sa yi." Ya banke ƙofar ofishin manaja, ya dawo da tukunyar can ya feshe yayan da bakin ƙofar. Sauran wutar sai da motar kashe gobara ta zo, bayan rabin sito ya tafi.

Ana ɗaure wa yayan hannu a tsakar kamfani, direba ya matso kusa da Barkono.

"Zo nan, ɗan iska. Yaya aka yi ka san ta ofis ce kaɗai ke yi?"



Direba ya ɗauki tukunya ɗaya ya maka ta da ƙasa. Gilashin ya tarwatse. Tsinken bai motsa ba, yana nan daram a kan kore, ga busasshen gam yana ƙyalli.

Marin farko ya juyar da Barkono. Masu lodin da suka fi kowa dariya a da, su suka fi kowa duka. Wani ya sa masa katako a haƙarƙari, wata mai ɗinki ta fasa masa goshi da takalmi. Ya faɗi, haƙorinsa biyu a ƙasa, jini na gauraya da farar hoda. Da ƙyar Madam da maigadi suka janye shi zuwa gefen yayansa.

"Yaya, wasa nake yi," in ji shi.

Yayan ya ɗago hannuwansa da aka naɗe har gwiwa, ya ce, "Da waɗannan nake ciyar da 'ya'yana da Mama. Wa zai riƙe abin waldan yanzu? Kai?"

Hukuma ta rufe kamfanin, takardar shaida ta tafi. Barkono kuwa, 'yan sanda suka saka shi a bayan mota, ɗaya daga cikinsu yana rungume da tukunyar nan mai tsinke a kan kore.

Darasi: Ƙa'idar da doka ta gindaya a wurin aiki ba don a burge mai bincike aka yi ta ba, don ranar da rai zai dogara da ita ne. Za ka iya yaudarar mai dubawa, amma wuta ba ta karanta agogo. In ka ɓata abu, ka faɗa a gyara tun ba a ji ciwo ba. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar lafiyar mutane, musamman masu hali irin nawa.