Yajin Jego da Zanen Abdulhakeem

Jalo, Hadizatu, Teema, ku ajiye abin da kuke yi ku karanta wannan har ƙarshe. Rubutawa na yi, don in da baki ne za ku katse ni. Maganar ƙaninku Abdulhakeem ce, da kicin ɗinmu na unguwar Abbey Wood da 'yan council, wato ƙaramar hukuma, suka rufe.

Abdulhakeem yana da kaifin kai, ba mai musun wannan. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da bai fito daga kwamfuta ba, a wurinsa ba ilimi ba ne. Da aka yi mini aikin gwiwa na kwanta, shi na damƙa wa kicin ɗin da muke kilishi da dambun nama da yaji.

Bai yi mako biyu ba ya sayo wata manhaja da manyan kamfanoni ke zana tafiyar aikinsu da ita. Akwatuna ne da kibiyoyi. Oda ta shigo nan, kibiya ta kai ta wurin mai awo, daga can sai mai niƙa, sai mai ɗauri. Ba zan ci haƙƙinsa ba, zanen ya yi amfani. Da shi ya gano cewa oda kan kwana biyu a ajiye saboda kowa na zaton wani ne zai kira direba. Ya gyara, kwastomomi suka yaba. Yabon nan ne ya hau masa kai. Ya ce daga ranar, har yadda ake yin kowane aiki da hannu a cikin manhajar za a rubuta.

To akwai Inna Katumi, ƙanwata, wadda ta yi shekara goma sha tara a kicin ɗin. Tana da wani littafi da ya sha mai da borkono, inda ta rubuta kowane aiki dalla-dalla. Wanke injin niƙa kaɗai ya ci shafi ɗaya da rabi, domin inji ɗaya gare mu, shi ke niƙa ƙuli-ƙuli, shi ke niƙa yaji. Abdulhakeem ya kwafe matakan ya cusa su a ƙarƙashin akwati ɗaya mai suna "A wanke inji". A kwamfuta, in ka danna akwatin sai ya buɗe. Ya buga zanen a babbar takarda ya manna a bango, ya kulle littafin a durowa.

Katumi ta tsaya tana kallon bangon. "Abdul, ina maganar kwance farantin inji?"

"Tana ciki, Inna. Dannawa ake yi."

Ta sa babban yatsa ta danna takardar da ƙarfi. "Ga shi na danna. Ko sai na yi masa sallama?"

Ma'aikata suka yi dariya, shi kuwa ya ɗaure fuska. "Za a sayo tablet, kwamfutar hannu, a riƙa dannawa. Kuma wa bai san wanke inji ba? Wancan littafin naki ko kyankyaso ba zai iya karantawa ba."

Ba a sayo tablet ɗin ba.

Ana nan sai wani bawan Allah, Umar Faruq, ya bugo daga unguwar Peckham. Matarsa Humaira ta haihu, yana son yajin jego. Ya ce ban da gyada, ko ƙurarta, domin in ta ci maƙogwaronta ke kumbura ya toshe mata numfashi. Abdulhakeem ya ce ya kwantar da hankalinsa, suna da tsari.

Ranar Alhamis da za a niƙa, Katumi ta tafi ganin likitan ido. Aikin ya faɗa kan Kaneng, 'yar Jos, mace mai tsafta da kula, amma makonta uku kacal da fara aiki.

"Oga, wankin injin nan, yaya kuke yinsa a nan?"

Abdulhakeem na kan waya. Ya nuna mata bango da haɓa. "Bi zanen, komai na nan."

Ta bi. Ta wanke bakin injin da ruwan zafi da sabulu, ta goge har yana ƙyalli, ta niƙa yajin. Da yamma direba ya kai.

Washegari Juma'a, wajen ƙarfe ɗaya, Katumi ta zo niƙa. Ta ɗauki sifana ta kwance farantan injin kamar yadda ta saba. Sannan ta kankaro wani abu da wuƙa, ta je ta kama hannun Abdulhakeem ta zuba masa a tafi.

"Shinshina."

Ƙuli-ƙuli ne, ya daskare a bayan faranti, gauraye da jan yaji.

Ta ce, "Na wa aka niƙa jiya?"

Ya zaro waya ya kira Umar Faruq. A kashe, mutumin yana masallacin Regent's Park. Ya nemi lambar matar, babu, guda ɗaya aka karɓa. Ya fita da gudu ko riga bai sauya ba.

A cikin jirgin ƙasa na Elizabeth line ya yi ta kira, layi na ɗaukewa a ƙarƙashin ƙasa. Ya tura saƙo: kada a ci yajin. Saƙon bai shiga ba. A tashar Whitechapel, inda zai sauya jirgi, ya ga bayan jirgin Peckham yana barin tasha, na gaba sai bayan minti goma sha ɗaya. Ya tsaya yana lissafin lokacin da mai jego ke cin abincin rana, yana roƙon Allah ya sa ba a buɗe kwalbar ba.

Da ya karyo kwanar layin su Umar Faruq daga titin Rye Lane, motar asibiti ya fara gani. Ana fito da Humaira a kan gado, fuskarta ta kumbura, an sa mata abin numfashi. Mahaifiyarta na biye da jaririya 'yar kwana shida a kafaɗa. Tsohuwar ta dubi tambarin da ke rigarsa.

"Kai ne mai yajin?"

"Ni ne, Hajiya."

"Cokali ɗaya na zuba mata a farfesu. Da hannuna. Saboda kun ce babu."



Allah ya yi da sauran kwana, allurar gaggawa da Humaira ke ajiyewa a jaka ce ta riƙe ta kafin motar ta iso. Amma kwana biyu ta yi a asibiti, aka raɗa wa 'yarta suna ba ta nan.

Ranar Litinin jami'ar duba abinci ta zo. Ta nemi rubutaccen bayanin yadda ake wanke injin. Abdulhakeem ya buɗe kwamfuta zai danna. Ta ce ba wannan ba, abin da ke gaban mai aikin a ranar take nufi. Ta kai Kaneng gaban bango ta ce ta nuna mata inda aka ce a kwance faranti. Kaneng ta duba sama da ƙasa, ta fashe da kuka. A ranar aka rufe mu.

Darasin a fili yake. Zanen akwatuna yana nuna inda aiki ya fito da hannun da zai shiga, kuma a nan ya yi kyau. Amma ba ya koya wa hannu aikin. Mai tsaye a gaban inji kalmomi take buƙata, a jere, a buɗe, a inda idonta zai gani. Wanda kuma ya raina sanin na ƙasa da shi don rubutunsa ba kyau, ran wani yake wasa da shi. Yanzu an ba mu zuwa Alhamis mu kai sabon tsari. Abdulhakeem ya ce zai buɗe duk akwatunan ya sake bugawa. Katumi ta ce ba za ta sake taka kicin ɗin ba sai an rubuta kowane aiki da kalmomi, ita tana faɗa shi yana rubutawa. Shi ɗana ne, ita ƙanwata ce, kowa na hukunta za a ce son kai. Ku zo gida ranar Lahadi ku ukun, ku zaunar da su, ku raba wannan gardama.