Agogo Na Tafiya, Mama Tela Na Zaune

Akwai wata mata da kowa a layinsu ke kira Mama Tela. Hannunta a ɗinki sai dai a ce masha Allah, amma fa ita da motsi ba sa ga maciji. In almakashi ya faɗi ƙasa, gara ta ƙwala wa maigidanta kira da ta sunkuya. Ga jiki tubarkalla, har sau biyu kafinta yana ƙara wa kujerarta katako. Ga kuma son zaƙi: aljihun keken ɗinki, inda teloli ke ajiye allura da zare, ita biskit take cika shi da shi.

Da ƙishirwa da yawan fitsari suka ishe ta, 'yarta Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a, ta ja ta asibiti.

"Ciwon sukari ne, Mama," in ji likita. "Ga ƙwayoyi, safe da yamma. Ki rage zaƙi, ki riƙa tafiyar minti talatin kullum. Ciwon nan yakan taɓa ido, ke kuwa da ido kike cin abinci."

"Minti talatin? A ƙasa? Likita, laifin me na yi miki?"

Kafin Auta ta koma makaranta, ta ɗaura mata agogon nan mai ƙirga taku, wanda ke aika lissafi zuwa wayar Auta. Mama Tela kuma ta yi mata alkawarin rigar bikin kammala karatu, wadda ba a taɓa ganin irinta ba.

Ranar farko ta taka har bakin titi, ta dawo tana haki kamar wadda kare ya biyo. Ta zube gaban keke, ta dubi agogo, ta dubi fedar da take takawa tana sama tana ƙasa. Kai, wayo mugun abu! Nan take ta kwance agogon ta ɗaure shi a jikin feda.

Da yamma Auta ta bugo waya. "Mama! Taku dubu goma sha takwas? Ina kika je haka?"

"Ke dai bari, 'yar nan. Yau ƙafata ba ta huta ba."

Ana cikin haka sai wata mai kawo ɗinki ta tallata mata shayin ganye a kwali mai ƙyalli. "Wannan wanke sukari yake yi tas, Mama. Ki ci abin da ranki ke so, ki kora da shi. Ƙwayoyin asibiti ai wahalar da ciki ce kawai."

Abin nema ya samu. Mama Tela ta juye ƙwayoyin likita a shara, ta zuba maɓallai a kwalbar. Shayin kuwa ɗaci gare shi kamar me, don haka take zuba masa sukari cokali huɗu don ya shiga.

Maigidan, wanda direba ne, ya taɓa ɗaga takalminta ya juya. "Ikon Allah! Ke da ke tafiyar da ta fi ta motata, ga ƙasan takalmi fes kamar yau aka saya."

"Malam, ka ji da tayoyinka, ka bar mini ƙafata."

Wata bakwai aka yi a haka. Sai zare ya fara ƙin shiga allura. Ta ce alluran zamani ne ba su da kafa. Ta fara ganin hazo-hazo, ta ce ƙwan fitilar shagonta ne ya tsufa. Can cikin ranta tsoro ya kama ta, amma kunyar tonon asiri ta fi tsoron ƙarfi, ta ja bakinta ta yi shiru.

Saura kwana biyar biki Auta ta zo gwada riga. Ta zura hannun dama, ya wuce. Ta zura na hagu, ya tsaya cak, ashe an ɗinke bakinsa ruf. Furen da aka yi wa wuya kuwa ya karkace ya nufi hammata. Auta ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Tana cikin dariyar ta ga uwarta ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi a gabanta, ta dafe tebur wayam. Dariya ta tsaya. Auta ta sunkuya ɗaukar mayafinta da ya zame, sai ga agogo ɗaure a feda, yana ta aikinsa.

"Mama," ta ce, "ashe keke nake ta yi wa barka?"

A asibiti likita ta duba wayar Auta, ta duba sakamakon jini. "Agogo ya ce kin fi ɗan tsere. Jini ya ce ko ƙofar gida ba ki leƙa ba. Shayin nan da kin kawo mini shi tun farko, da na gaya miki ba ya maye gurbin magani. Idon hagu ya riga ya taɓu sosai. Na dama za mu yi ƙoƙari a kansa, in kin taimake mu."

Ranar biki Auta ta sa rigar kanti. Mama Tela na zaune cikin iyaye, an kira sunan 'yarta, ta miƙe tana raba ido. Ɗalibai duk sun zame mata inuwa iri ɗaya. Ta kama hannun maigidanta, hawaye na zuba. "Malam, don Allah nuna mini. Wacce ce tawa?"

Yanzu kullum da safe za ka gan ta a bakin titi, tana tafe tana haki tana mita, ƙwayoyinta a jaka, maigidan na biye da ita da gorar ruwa. Idon dama ya tsira, na hagu bai dawo ba.

Darasin a nan shi ne, ana iya yi wa likita wayo, a yi wa 'ya'ya, har na'ura ma a ruɗe ta, amma jiki ba ya karɓar ƙarya. Mai ciwon sukari ya riƙe maganinsa, ya rage zaƙi, ya taka da ƙafarsa, kuma duk ganyen da aka tallata masa ya fara nuna wa likita. Wanda ya ƙi tafiyar minti talatin, wata rana zai nemi mai jan hannunsa.