Raga Ɗaya, Gola Biyu

To ku matso, ku da kuka cika mini kunne da gardamar ƙwallo tun hantsi. Tunda kowannenku koci ne a kan bencin mai shayi, ga wata na kawo muku, ku yanke hukunci in gani. Kai mai waya, kife ta, ba na maimaita magana.

A garin Rafin Tsamiya akwai wani kulob da ake kira Damisa, 'yan wasansa ƙwallo ce sana'arsu, da ita suke ci da iyali. Kocinsu Barau mutum ne da ko sannu ka ce masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ba na ganin laifinsa, ya daɗe a harkar, ya sha ganin an sayar da wasa a gabansa ana yi masa murmushi. A shekarar da nake ba ku labari, wasa biyu na sili-ɗaya-ƙwale ya rage wa Damisa ta haye babban rukuni. Mai kulob ɗin, Alhaji Mamuda, ya kira Barau ya faɗa masa ba kwana-kwana: in bana ba a haye ba, shi ya gaji, zai rufe kulob kowa ya kama gabansa. Barau kuwa a Damisa ƙuruciyarsa ta ƙare, ba shi da wata sana'ar da zai koma.

Gola biyu gare shi, raga kuwa ɗaya ce.

Na farko Sallau, wanda 'yan kallo ke kira Katanga. Furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ya san ƙafar kowane ɗan gaba a rukunin kamar yadda mahauci ya san gaɓar nama, in kuma ya daka wa 'yan baya tsawa, har kyaftin sai ya shiga taitayinsa. Sai dai tsalle ya ja baya, in ya faɗi yakan ɗan jima kafin ya miƙe.

Na biyu Nafi'u, ko gemu bai tara ba. Wannan kam kyanwa ce, ƙwallon da ka rantse ta shiga sai ka gan ta a ƙirjinsa. Amma akwai rawar kai. Yakan baro raga ya fito inda ba a aike shi ba, 'yan baya kuma ba sa jin maganarsa, wai yaushe aka haife shi.

Ana gab da wasan kusa da na ƙarshe, wanda za a yi da 'yan Dogon Marke, sai Nafi'u ya tsaya bayan atisaye yana sosa ƙeya. Ya ce, "Koci, ba gulma na kawo ba, amma ana ganin Yaya Sallau a Dogon Marke duk ranar kasuwa, a layin gidan shugaban kulob ɗinsu."

Barau bai ɓata lokaci ba. Ya kira Sallau gefe ya tambaye shi. Sallau bai yi musu ba, sai ya naɗe ƙafar wando ya nuna gwiwa a kumbure. Ya ce, "Wajen maɗori nake zuwa, Koci. Gidansa na jikin na shugaban nasu. Ni na yanka musu filayen?"

Kun ga inda gizo ke saƙar? In ƙarya Sallau ya yi, an saye shi. In gaskiya ya faɗa, to ya daɗe yana ɓoye wa kocinsa gurguwar ƙafa. Barau kuma ya ce a ransa, ai mutum na iya shiga gida biyu a yini ɗaya. Sallau ya juya zai tafi, sai ya waiwayo ya ce, "Wanda ya kawo maka maganata, ka tambaye shi mai baƙar motar nan da ke jiransa a bayan fili."

Da Barau ya bi diddigi, ashe dillalin 'yan wasa ne. Ya samo wa Nafi'u gwaji a wani kulob na ƙetare jim kaɗan bayan wasan ƙarshe, ya kuma ja masa kunne cewa ba mai sayen gola da karyayyen yatsa. Daga ranar Barau ya sa wa yaron ido a atisaye, sai ya riƙa ganin kamar yana janye hannu in takalmi ya nufo shi. Ko da gaske ne, ko zargi ne ya shiga idon Barau, Allah masani. Abin da ya tabbata shi ne abinci ya daina yi masa daɗi.

Ranar wasa ya rufe ido ya sa Sallau. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, wallahi Katanga ya amsa sunansa. 'Yan Dogon Marke sun yi ta ruwan ƙwallo, shi kuwa kamar ana raɗa masa inda za ta faɗo. Ba don shi ba, da tun nan an gama da Damisa. Har 'yan Damisa suka samu suka zura ɗaya. Da aka dawo, sai aka buga masa wata lusarar ƙwallo, wadda ko tsohuwa za ta tare da zani, ta sulale ta ƙarƙashinsa ta shige. Sallau ya ɗaga hannu a canza shi, abin da bai taɓa yi ba tun da yake. Barau ya bi shi da kallo yana ɗingishi zuwa benci, yana tambayar kansa, gwiwa ce, ko ya gama aikin da aka ba shi ne?

Nafi'u ya shiga. Bai daɗe ba aka ɗirka wata ta nufi can ƙuryar sama, ya tashi ya doke ta da yatsu, inda Sallau ko da tsani ba zai kai ba. Ba don shi ba, an yi waje da Damisa. Amma ana dab da tashi aka ɗago wata cikin cunkoso, takalma na tashi ta ko'ina, sai sarkin fita ya kafe a layi bai motsa ba. Turken raga ne ya cece su. Barau ya tuna mai baƙar mota.

Aka tashi kunnen doki, aka je bugun fenariti. To su golan Damisa suna da wata tsohuwar dabara a tsakaninsu. Sallau yakan tsaya a bakin fili da tawul, kafaɗar da ya rataya shi, can mai bugu zai aika ƙwallo. Ya rataya a dama, Nafi'u ya faɗa dama ya tare. Ya sake nunawa, yaro ya bi, ya taɓa ta amma ta kuɓuce masa ta shiga. Aka zo bugun da zai raba gardama. Barau da idonsa ya ga tawul a kafaɗar dama. Nafi'u ya faɗa hagu, ƙwallo ta zo hagu, ya rungume ta. Rafin Tsamiya ta ɓarke da ihu, koci kaɗai ne bai yi dariya ba.

Ya kira golan ɗaya bayan ɗaya. Sallau ya ce, "Na hango kocinsu ya gano tawul, yana yi wa ɗan wasansa nuni. Shi ya sa na bar shi a dama don mai bugu ya kauce mata ya buga hagu. Na san yaron na da kai, zai gane."

Nafi'u ya ce, "Ni a bugun ƙarshe ko kallonsa ban yi ba, Koci. Ƙafar mai bugu na kalla. Bayan ƙwallon da ya bari ta shiga, zuciyata ba ta ba ni ba."

Ka ji fa! In maganar Sallau ce gaskiya, dabararsa ta tura ƙwallo hannun yaro. In ba ita ba ce, to ya nuna wa ɗan'uwansa hanyar banza a bugun da ya fi kowanne, kuma ƙin jin maganar yaro ne ya ceci kulob. Ba mai shaida, kocin Dogon Marke kuwa ba zai zo ya faɗa ba.

Ga wasan ƙarshe ya ƙarato. Maɗori ya ce gwiwa za ta ɗauka in Allah ya so, mai baƙar mota kuma yana nan bai fasa zuwa ba. Sallau ba shi da inda za shi in an rufe Damisa, amma ba a san cikinsa ba, ba a san ƙafarsa ba. Nafi'u lafiyarsa garau, amma rabin zuciyarsa ta riga ta hau jirgi, kuma yanzu ba tawul ɗin da zai ƙara yarda da shi. Alhaji Mamuda ya ce, "Barau, kai ne koci. Ni dai ka ji sharaɗina."

Barau na tsaye da rigar gola a hannu, su biyun suna zaune a gabansa ba mai kallon wani. To ku masanan benci, kada kowa ya ce mini a raba musu lokaci, wannan gudun hukunci ne. Wa zai miƙa wa rigar nan, Sallau ko Nafi'u?