Karkataccen Tauraro a Hular Osla

Akwai wata mata a nan tsibiranmu na Shetland, Osla Isbister, wadda ta yi shekara goma sha biyu a birnin Glasgow tana zana adon tufafi, ta dawo gida tana hura hanci.

Duk shekara ƙungiyar masaƙa takan zaɓi mutum ɗaya ya zana adon hular ulu da kowa zai saƙa a bikinmu. A wurin taron Osla ta miƙe ta ce shekara ɗari ana ta juya adon tauraro da na igiyar ruwa, wannan kwafi ne ba fasaha ba. A ba ta aikin, za ta kawo abin da ido bai taɓa gani ba.

Tsofaffin ƙungiyar ko kai ba su ɗaga daga saƙarsu ba. Suka ba ta wata uku, in ta gaza a ba wata.

Ta koma gida ta kwashe tsofaffin rigunan sanyi ta kulle a akwati, don kada idonta ya ɗauki na wani. Ta zana ta yage, ta sake zanawa ta yage. Duk abin da ta fito da shi, ko dai ya yi kama da na wata, ko kuma ya zama hular da ko tunkiya ba za ta yarda ta sa ba. Ta rame, ta daina zuwa kanti don gudun masu tambayar ina aka kwana. Gaskiya ta ba ni tausayi, duk da bakinta ne ya ja mata.

Saura kwana biyu, gajiya ta kai mata ko'ina, ta daina tunani ta bar hannunta yana yawo a takarda. Sai ga ado ya fito, mai kyau kuwa.

Ta ɗauka ta nufi gidan Inna Merran, yayar mahaifiyarta, wadda ta riƙe ta tun tana shekara shida da uwar ta rasu. Nuna isa ta je yi.

Tsohuwar ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, sannan ta fara bi da yatsa. Ta ce wannan igiyar ruwan ta rigar kakan Osla ce, wannan bakin kuma na bargon da aka naɗe Osla da shi ranar haihuwarta.

Osla ta ce, "Ashe ni ma ɓarauniyar ce, Inna."

"Ɓarauniya a gidan ubanki? Zauna ki sha shayi, 'yar nan, dubi yadda kika yi zuru-zuru. Wa kika taɓa gani ya sa tauraro a cikin igiyar ruwa? Shekara saba'in ina saƙa bai zo mini ba. Kayan namu ne, haɗin naki ne."

Osla ta sake duban takardar. Can ta lura hannun tauraron na hagu ya gaza na dama, ta ɗauki fensir za ta gyara. Tsohuwar ta riƙe mata hannu.

"Kada ki taɓa shi. Haka uwarki take yin nata. Kullum sai ta tsallake zare ɗaya a hagu, na yi faɗa har na gaji. Safar hannun da kika fara zuwa makaranta da ita, haka tauraronta yake."

Osla da ko fuskar uwarta ba ta iya tunawa sosai, ta kifa kai a teburin ta yi kuka.

Ranar taro ta nemi gafarar tsofaffin, ta faɗi inda kowane yanki na adon ya fito. Suka karɓa ba tare da gori ba. A bikin shekarar mata sama da ɗari suka saƙa hular, kowacce ta tsallake zare ɗaya a hagu da gangan. Har Inna Merran, da ta yi shekaru tana yaƙi da wannan kuskuren, ta tsallake nata.

Darasi: Sabon abu daga tsoho yake fitowa, naka shi ne yadda ka haɗa. Kada ka raina waɗanda ka tarar, domin hannunka na ɗauke da nasu ko ba ka sani ba. Ku tura wa duk wanda ya gaji da neman abin da ba a taɓa yi ba.