Igiyar da Jatau Ya Cusa wa Buhu

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Nuwamba na 2025, Jatau ya yi wa Baba Mamudu abin da har yau bai gyara ba. Jatau mutum ne mai fara'a, ga ƙarfin aiki, ga girmama manya. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira.

Baba Mamudu yayan mahaifinsa ne, kuma shi ne mai tufka igiya a ƙauyensu, kusa da Korgom. Makiyaya na zuwa wurinsa daga nesa, domin igiyarsa ta rama ce zalla. Shi yake noma ramar a gefen gona, ya jiƙa ta a tabki sai ɓawon ya saki da kansa, sannan ya wanke, ya shanya.

A ranar nan hannun tsohon ya kumbura, ga kuma igiyar guga da wani makiyayi, Amani, ya sa a yi masa. Sai ya bar wa Jatau ya ƙarasa. Ana tsakiyar aiki rama ta ƙare.

"Baba, in ɗebo ta tabki?"

"Bar ta, ɗana, ba ta nuna ba. Amani ya jira, ba gudu rijiya za ta yi ba."

Jatau ya ce to, amma zuciyarsa ba ta ce to ba. Ya ɗaga kai ya ga tsofaffin buhunan taki da aka rufa rumfa da su. Ai ana tufka igiya da zaren buhu, in ji shi a ransa, har an ce ta fi ƙarfi. Gaskiya ne in sabo ne. Amma zaren buhu roba ne, daga man fetur ake yin sa, rana kuma cinye shi take yi. Waɗannan sun daɗe a sama suna shan ta. Ya warware su, ya cusa a tsakiya, ya lulluɓe da sauran rama, igiya ta fito sumul.

Amani ya ɗaura ta a wuyan bijimin da ke jan guga, guga ya cika, bijimi ya ja. Igiya ta tsinke, guga ya koma ƙasan rijiya. Shanu suka wuni suna zagaye kwamin shan ruwa babu ko ɗigo, sai da aka kora su wata rijiya mai nisa, ɗan maraƙi ɗaya ya faɗi a hanya.

Ranar kasuwa Amani ya zo da guntun igiyar ya jefa gaban rumfar Baba Mamudu.

"Baba Mamudu, mi na yi maka? Tun ubana muke sayen igiyarka!"

Mutane suka taru. Bakin Jatau ya riga hankalinsa.

"Ku yi haƙuri da shi, tsufa ne. Hannun ba shi da ƙarfi yanzu."

Tsohon ya ɗauki guntun, ya murza bakin igiyar, farin garin zaren buhu ya zubo a tafinsa. Ya dubi Jatau, ya shafe hannu a riga.

"Amani, ka yi haƙuri. Zan yi maka wata."

Tun daga nan makiyaya suka koma garin Hawandawaki sayen igiya. Rama ta taru a ɗaki, Jatau kansa ya rasa aikin yi. Matar tsohon, Inna Rahina, ita ce ta gaji ta faɗi gaskiya. Da ta matsa wa mijinta ya faɗa wa mutane da bakinsa, cewa ya yi, "Ɗan ƙanena ne, Rahina. In na tona shi, wa zai ba shi aiki?"

Darasin a fili yake. Rama da roba kowanne da amfaninsa, amma wanda ya ɓoye ɗaya cikin ɗaya don gaggawa ya ci amanar mai saye, wanda kuma ya jingina laifinsa ga tsohon da ke rufa masa asiri ya ƙara zalunci a kai. Ni na koya wa Jatau karatu a lakwal, wato makarantar boko, ina kuma ƙaunarsa, shi ya sa ba zan yi shiru ba. Zuwa gida da goro ba zai wadatar ba. A kasuwa ya ɓata sunan Baba Mamudu, a kasuwa zai tsaya, gaban Amani da makiyaya, ya ce shi ne ya cusa buhun, ya nemi gafarar babansa.