Ɗamarar Zanzaro Magini

Dalilin da ya sa ƙugun zanzaro ya zama siriri kamar zare, kuma yake gina ɗaki ya liƙe ƙofar ya tafi ba tare da ya kwana a ciki ba, shi zan gaya muku yau, tunda na ga kun taru kuna kallon gininsa a bangon zaure. Ku matso nan inuwa ku zauna.

A zamanin da, ba haka zanzaro yake ba. Kakkaura ne, ƙugunsa kamar turmi, in ya zauna sai ya cika tabarma. A garin ƙwari yake zaune, can gindin wata tsohuwar kuka, shi da matarsa Tasalla da 'ya'yansu uku, mata biyu da autansu Tanko. Gini ne sana'arsa, amma a lokacin ba wanda ya san da shi. Sai dai a kira shi gyaran katanga ko toshe inda ruwa ya ci, a ba shi ɗan tsaba ya kai gida. Ɗaki ɗaya gare su, ba shi da ƙyaure, wani busasshen ganye suke karawa a ƙofa. In damina ta sauka, feshi har kan shimfiɗa. Tanko kuwa kullum cikin tari yake.

Zanzaro yakan dubi ƙofar nan ya ce, "Tasalla, ranar da na sa ƙyaure a ɗakin nan, ni na gama neman duniya."

Ita kuma ta ce, "Allah ya nuna mana, maigida."

Wata shekara aka yi ruwa kwana uku bai ɗauke ba. Katangu suka zube a ko'ina cikin gari, amma duk inda hannun zanzaro ya taɓa yana nan tsaye. Daga nan sunansa ya fita. Kafin rana ta ɗaga, masu neman magini sun cika ƙofar gidansa. Bai yi wata guda ba ya sa ƙyaure, mai kyau, na ɓawon kuka.

Kada wani ya ce muku samu ba ya kawo daɗi. Ya kawo wa gidan zanzaro. Tarin Tanko ya tsaya. Tukunya ta riƙa hawa murhu sau biyu a rana. Da la'asar zanzaro zai dawo ya wanke laka daga hannu, ya miƙe a tsakar gida, yaran su hau cikinsa suna tsalle, shi yana dariya har da hawaye. Tasalla ta ce a wannan shekarar ne ta fara sanin mijinta yana da wushirya.

Da kaka ta zo, sai ya ga tsabar da yake samu ta fi ƙarfin tukwanen gida. Ya gina rumbu. Da rumbun ya cika, sai ya lura ɗakinsu na ciyawa ne, shi kuwa soro yake gina wa mutane. Ya gina soro. Da aka koma soron, sai ƙyauren nan da ya yi shekaru yana mafarkinsa ya zame masa abin kunya, ya cire shi ya jingine a bayan rumbu. Ita ma Tasalla ba a bar ta a baya ba. Da can burinta tukunyar da ba ta yoyo, yanzu kuwa sai ta ce zanen maƙwabciyarta ya fi nata rini. Suka yi ta tsokanar juna a kan haka, don har lokacin abin bai wuce wasa ba.

Ana nan sai uwar zuma ta aiko a kira shi ya yaɓe mata bakin amya. Da ya gama, ta ce ya shigo ya sha ruwa. Zanzaro ya shiga ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ɗakuna ne jere bisa jere, kowane ɗa da nasa, kuma kowane ɗaki cike da abinci har baki.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan duka na yaushe ne?"

Ta ce, "Na ranar da babu. Ɗana ba zai san yunwa ba, ko ina raye ko ba na raye."

Maganar nan ta shiga zanzaro, don akwai abin da ta taɓo. Yana yaro an yi wata shekarar fari, ƙanensa ya mutu a kan cinyarsa yana neman abin da zai sa a baki. Bai taɓa ba kowa labarin ba sai Tasalla. Ranar ya dawo gida bai miƙe a tsakar gida ba. Yaran suka zo hawa cikinsa, ya ce su bari ya gaji.

Ya ce wa matarsa, "Kowane ɗa nawa sai na gina masa ɗakin ajiya, na cika shi, na liƙe. Ko ƙasa za ta ƙone, su dai za su ci."

Tasalla ta ce, "Rumbunmu a cike yake fa."

Ya ce, "Na gidanmu ma a cike yake kafin farin ya zo."



Sai ya shiga karɓar aiki ba ya mayar da kowa. Abin da ya dame shi guda ne, cikinsa. Rana na take tsaka yunwa za ta sauko da shi daga kan gini, ya tafi gida ya ci, ya ɗan kishingiɗa, kafin ya koma laka ta bushe. Ya ga rabin yininsa a nan yake tafiya.

A kan wata tsamiya a bayan gari akwai wata tsohuwar tsutsa mai kaɗi, wadda zarenta ba ya tsinkewa. Zanzaro ya je wurinta ya durƙusa ya gaishe ta.

Ya ce, "Iya, ɗamara nake so ki saƙa mini, wadda in na ɗaure ba zan ji yunwa ba."

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, yunwa ai 'yar aike ce, gida take kiran ka. Me ta yi maka?"

Ya ce, "Aiki take hana ni, Iya. Na ɗan lokaci ne."

Ta ce, "To, zan saƙa maka, kai kuma ka yaɓe mini kogon nan da iska ke shigowa. Amma ka ji da kyau. Kullum in ka sauko daga gini ka kwance ta, ka ci abinci da iyalinka. Zarena in gumi ya jiƙa shi ya bushe a jiki, ƙullinsa ƙara shigewa yake yi."

Ya ce ya ji. Ya yaɓe mata kogo, ta ba shi ɗamara.

Da farko yana kiyayewa. Sai wata rana aiki ya kai shi har faɗuwar rana, ya ce gobe ya kwance. Goben ta zo da nata aikin. Da yunwa ta ɗan motsa sai ya ƙara jan ɗamarar, ta yi shiru. Cikin rani ɗaya ya gama ɗakuna uku, ya cika su, ya liƙe. Ya tsaya yana kallon su, yana jiran zuciyarsa ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Abin da ya zo masa shi ne, wannan ai abincin shekara ɗaya ne. In farin ya yi shekara biyu fa?

A lokacin ne labari ya zo cewa a ƙetaren gulbi ana gina sabon gari, kuma ladan magini a can ya ninka na nan. Zanzaro ya haɗa kayan aikinsa.

Tasalla ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, jiya Tanko ya tambaye ni ko laifi ya yi maka. Ya ce ka daina kiran sunansa."

Zanzaro ya ce, "Don shi nake yi."

Ta ce, "Na sani. Shi ne bai sani ba."

Ya ce, "Wannan tafiyar kaɗai, Tasalla. In na dawo na zauna."

Ya tafi da niyyar wata uku, ya yi damina huɗu. Duk ayarin da zai zo sai ya aiko da kaya, da saƙon a ƙara a ɗakin ajiya. 'Yan matan suka isa aure, aka aika masa, ya aiko da gara wadda garin bai taɓa ganin irinta ba, amma ƙanen Tasalla ne ya tsaya a madadinsa.

Ranar da ya dawo, da hantsi ne. Ya tarar da wani saurayi a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Saurayin ya miƙe da ladabi ya ce, "Sannu da zuwa, baba. In gini kake so, maigidan ya yi tafiya. Sai dai ka bar sallahu."

Zanzaro ya dube shi da kyau. Tanko ne. Shi kuwa yaron, uba mai ƙiba ya sani, mai ciki kamar tulu, ba wannan siririn baƙon ba.

Tasalla ce ta leƙo, ta dubi hannuwansa da suka tsattsage da laka, ta gane shi. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta shiga ta tuƙa tuwo da miyar kuka, irin wadda yake so. Ya wanke hannu ya kai loma ɗaya, ta tsaya masa a ƙirji ta ƙi wucewa. Ya kai hannu zai kwance ɗamara, ya laluba bai sami ƙullin ba. Zaren ya nutse cikin nama.

Suka tafi wurin tsohuwa mai kaɗi su biyu. Ta shafa ƙugun ta girgiza kai.

Ta ce, "In na yanka, biyu za ka rabu. Ka yi haƙuri, ɗan nan. Ruwan fure zai wuce, shi za ka riƙa sha."

A hanyar dawowa ya tambayi Tasalla ko ajiyar ta ishe su. Ta ce, "Ɗaki ɗaya muka buɗe, shi ma don biki. Sauran suna nan yadda ka bar su."

Ya zauna a gida kamar yadda ya yi alkawari. Kwana bakwai ya yi. Tanko yakan zo ya durƙusa ya gaishe shi da safe, ya tashi ya tafi gona. Zanzaro ya rasa yadda ake zama. A rana ta takwas aka aiko cewa babbar 'yarsa ta sauka lafiya, an sami namiji. Fuskarsa ta washe, har wushiryar ta fito. Sai kuma ya dubi hannuwansa ya ce, "Yaron nan ba shi da ɗaki."

Tasalla ta dube shi. Ta san gini ne kaɗai hanyar da ta rage masa ta nuna ƙauna. Sai ta tashi ta ɗebo ruwa, ta ba shi ya kurɓa, sauran ta zuba masa a kan ƙasa ya kwaɓa.

Shi ya sa har yau za ku ga zanzaro da ƙugu kamar zai tsinke, ba ya cin komai sai ɗan ruwan fure, amma yini yake yana jigilar laka. Zai gina ɗaki, ya cika shi da abincin da shi ba zai iya haɗiyewa ba, ya liƙe, ya wuce wani bangon. Ɗan da ke ciki zai farka ya tarar da abinci a gefensa, ya ci ya ƙoshi, ya fasa bango ya fito, bai taɓa ganin wanda ya ajiye masa ba.