Kumburin Da Uwar Kaɗai Ke Gani

Akwai wata matashiyar uwa da ke zaune da mijinta a gidan iyayensa. Ɗanta na fari bai kai ga zama ba ta lura da wani abu. Duk sanda ya tsananta kuka, sai wani kumburi ya taso masa a matsematsi. Da ya yi shiru, sai ya ɓace.

Ta gaya wa mijinta. Ya buɗe zanen yaron, bai ga komai ba.

"Ke dai kin cika tsoro," in ji shi. "Ko sauro ya cije shi sai kin ce asibiti."

Ƙannensa mata suka mai da abin wasa. In ta wuce sai su ce, "Yaya, yau ma ya fito ya gaishe ki?" Takan yi murmushi, ta shige ɗaki ta share hawaye.

Surukinta kafinta ne, ana ce masa Baba Guduma saboda muryarsa. In ya yi tsawa a rumfarsa da ke ƙofar gida, har maƙwabta sai sun nutsu. Ita kuwa ko ido ba ta iya haɗawa da shi.

Wata rana ya shigo shan ruwa, ya tarar da ita ta tasa yaron a gaba ta yi tagumi.

"'Yata, lafiya?"

Ta faɗa masa, tana jiran faɗa. Sai ya jawo kujera ya zauna.

"Kin ce sai yana kuka? To, wannan mai sauƙi ne." Ya sunkuya kan jikansa ya daka tsawa: "Kai, abokina!"

Yaron ya tsandara ihu. Nan take kumburin ya taso kamar ƙwan tattabara. Fuskar Baba ta canza.

"Ɗauko mayafinki."

A asibiti likita ta ce ƙaba ce: hanji ne ke zurarowa ta wata 'yar kafa da ba ta rufe ba, kuma ba ta warkewa da kanta. Ta sa ranar aiki, ta ja musu kunne cewa in kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ko yaron ya fara amai, su taho da gudu.

Da mijin ya ji, ya yi tsalle ya dire. "A sa wa jariri wuƙa? A bari ya girma mana!"

Kowa ya zaci Baba zai tada gidan. Amma a hankali ya ce, "Ni ma tsoron nake ji, ɗana. Sai dai tsoronmu ba zai rufe kafar ba."

Ranar aikin ba ta zo ba abin ya faru. Da hantsi yaron ya kama amai, kumburin ya yi tauri. Ta fito ba takalmi tana kiran, "Baba!" Ya yar da zarto a tsakiyar katako, ya tada motar kayansa.

Aka shiga da yaron ɗakin tiyata. A kan bencin jira ta saci kallon surukinta. Garin katako a gemunsa, hawaye na bin kumatunsa, bai ko ɓoye ba.

Can likita ta fito. "Hanjin bai lalace ba. Kun zo a kan kari."

Dangin da suka biyo su asibitin suka yi ca a kan Baba da godiya. Ya ɗaga hannu.

"Ba ni za ku gode wa ba. Ita ta gani, ita ta jure dariyarku. Ni saurare kawai na yi."

Mijin ya matso kusa da ita, kansa a ƙasa. "Ki yafe mini," ya ce, a gaban kowa.

Darasi: In uwa ta ce ta ga wani abu a jikin ɗanta, a saurare ta kafin a yi mata dariya. Kumburin da ke fitowa yana komawa a matsematsin yaro ba abin jira ba ne, a kai shi asibiti. Ku tura wa iyaye da kakannin da kuka sani, wataƙila wani jariri ya tsira ta dalilinku.